"Fita" da "Ficewa": Layin Dakatawa a Titin Jirgin Sama da Matsalar Fassara

1.0 Gabatarwa

Hausawan Agege maƙwabta ne ga Filin Jirgin Sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, wanda ya sami wannan suna a 1976. Ko da yake jirage na shawagi a kansu dare da rana, Hausa ba ta tsayar da keɓaɓɓun kalmomin wannan fanni ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa nahawun Hausa na iya ɗaukar ɗaya daga cikin ma'anoninsa mafiya haɗari.

2.0 Layin Dakatawa

Filin yana da titunan tashi guda biyu, wato 18L/36R da 18R/36L. A duk inda hanyar gangarawa ta haɗu da titin tashi akan shata layuka huɗu masu ruwan ɗorawa: biyu ba yankewa, biyu kuma yanke-yanke. Marasa yankewa suna fuskantar jirgin da ke jira, ba ya kuwa ƙetare su sai da izinin hasumiya. Jirgin da ya sauka kuma, ba a ɗaukar ya bar titi sai dukkan jikinsa, har wutsiya, ya ƙetare layukan. Muddin wutsiya na ciki, titin bai kuɓuta ba.

3.0 Harshen Damo

Kalmar Ingilishi "clear" tana nufin izini, tana kuma nufin barin wuri. A ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirgin KLM ya soma gudun tashi cikin hazo alhali jirgin Pan Am bai bar titin ba. Mutum 583 suka rasu, rashin fahimtar zance kuma na cikin dalilan. Daga baya aka tsaurara lafazin sadarwa, aka fifita "vacated" wajen bayyana barin titi.

Hausa na da nata maganin. A rabe-raben aikatau na F. W. Parsons, "fita" 'yar aji na uku ce, "fice" kuwa 'yar aji na huɗu, ajin da ke nuna cikar aiki ɗungurungum. Alal misali:

(a) Jirgi ya fita daga titi.
(b) Jirgi ya fice daga titi.

Jimla (a) na iya barin shakku game da wutsiya, amma (b) ba ta bar komai a baya ba.

4.0 Kammalawa

Saboda haka, ya kamata masu fassara da 'yan jarida su riƙi "layin dakatawa" da "ficewa", su keɓe "izini" ga umurnin hasumiya kaɗai.