COCI, MAJAMI'A DA IKILISIYA: INA BAMBANCINSU?

Daga Wakilinmu a Kaduna

Duk wanda ya tsaya a bakin gadar Kogin Kaduna da safiyar Lahadi zai ga motoci cike da mutane daga Sabon Tasha da Narayi da Barnawa suna nufar arewacin gari. In ka tambayi ɗayansu inda za shi, zai ce maka coci. Amma in ka tambaye shi dalilin da ya sa ya wuce coci-cocin da ke kusa da gidansa, sai ya ce ai ikilisiyarsa tana can tsallake. To, mene ne ikilisiya, kuma ina ta bambanta da coci?

Kalmomi uku ne Hausawa ke amfani da su a wannan fage. Ta farko ita ce coci, wadda aka aro daga Turanci, kuma ita ce ta fi yawo a bakin mutane a kasuwa da ofis. Ta biyu ita ce majami'a, wadda ta fito daga Larabci, tushenta ɗaya da jama'a da jami'a da Jumma'a, watau wurin da ake taruwa. A Littafi Mai Tsarki na Hausa, da ita ake kiran ɗakin ibadar Yahudawa, amma Kiristoci na kiran ginin da suke sujada a ciki da ita. Ta uku ita ce ikilisiya, wadda wasu ke rubutawa ekklesiya. Ita wannan ba gini take nufi ba, mutane take nufi.

Asalin kalmar daga harshen Girka yake. Tun kafin zuwan addinin Kirista, mutanen birnin Atina na kiran taron 'yan gari masu yanke shawarar mulki da wannan suna, domin kiransu ake yi su fito su hallara. Har a Ayyukan Manzanni, sura ta 19, an yi amfani da ita a Girkanci wajen ambaton taron jama'ar Afisa, wanda ba na ibada ba ne. Daga baya ne Kiristocin farko suka riƙe ta ta zama sunan jama'arsu, tun suna taruwa a gidajen junansu, ba su da gini ko ɗaya.

Fassarar Littafi Mai Tsarki ce ta kafa kalmar a Hausa. An buga cikakkiyar fassarar a 1932, kuma cikin waɗanda suka yi aikin akwai Dokta Walter Miller, wanda ya daɗe da zama a Zariya. Da 'yan ƙasa suka fara karɓar ragama daga hannun Turawan mishan, sai suka sa kalmar a sunayen ƙungiyoyinsu. A 1955 aka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda a yau ake kira TEKAN. Akwai kuma Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda tushenta ke Garkiɗa tun 1923. A nan Kaduna kuwa, a kan titin Katsina, akwai hedikwatar Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, watau HEKAN, wadda ta tsiro domin tattara ma'aikata da sauran baƙi da neman abinci ya kawo babban birnin Jihar Arewa daga ɗariku dabam-dabam, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su.

A maganar yau da kullum kalmar na da fuska biyu. Akan ce ikilisiya ana nufin ɗarika ɗungurungum, ko ma Kiristocin duniya baki ɗaya. Akan kuma ce ikilisiyar Kawo ko ikilisiyar Unguwar Rimi, ana nufin waɗanda ke sujada wuri guda, sun san juna, suna da fasto da dattawa da zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa. Wannan ƙaramar ikilisiya ita ce ke tara baiko, ta ɗaura aure, ta duba marar lafiya, ta yi jana'iza. Shi ya sa ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki yakan karɓi takardar shaida daga ikilisiyarsa ya kai wa sabuwa.

Bambancin nan ba na masana harshe kaɗai ba ne, musamman a Kaduna. Bayan tarzomar 2000 da ta Nuwamban 2002, Kiristoci da yawa sun ƙaura zuwa kudancin kogi, kamar yadda Musulmi da yawa suka komo arewa. Gine-gine suka tsaya inda suke, mutanensu suka yi nisa. Wata majami'ar tana nan da rufinta da kujerunta, amma ikilisiyarta ta ragu ainun. Wata kuwa an rushe ginin, amma ikilisiyar ba ta watse ba, ta koma taruwa a wani wuri. Masu tsallake gada ran Lahadi ba bango suke bi ba, zumunci suke bi, zumunci kuwa a ƙafa yake.

Saboda haka yana da kyau ma'aikacin gwamnati da mai fassara da ɗalibi su lura. Takardar fili ko izinin gini ta shafi majami'a. Gayyatar taron sulhu, ko sanarwar allurar rigakafi, dattawan ikilisiya ake aika wa. Haka nan mai ba da rahoton cewa an gyara coci kaza bai gama aikinsa ba sai ya faɗi ko mutanenta sun dawo. Gyaran gini aikin magina ne, kuma da kuɗi ake yinsa. Dawowar ikilisiya unguwar da ta bari kuwa sai an sami amana tsakanin maƙwabta.