An Leƙa Tarihin Bashinka Ba Da Saninka Ba, Kuma Ana Kiranka Ka Biya: Ga Abin Da Za Ka Yi

Yau za mu ɗan ajiye zancen sababbin wayoyi, mu yi magana kan wani kira da zai iya shigowa wayar kowa. Ni dai ya shigo tawa.

Wata ranar Talata da hantsi ina cikin gyara shafin intanet na wani kwastoma, sai ga baƙuwar lamba. Wata mata ce, da Turanci mai sauri. Ta faɗi cikakken sunana, ta ce kamfaninsu aka ba aikin karɓo bashin naira 62,000 da na ci a wata manhajar rance, kuma in ban biya kafin ƙarfe shida na yamma ba za su rufe min BVN. Na ce mata ban taɓa cin bashin manhaja ba. Sai ta turo min hoto ta WhatsApp, layi ɗaya da aka yanko daga rahoton tarihin bashina, yana nuna wani kamfanin rance ya duba bayanaina watannin baya. Ta ce ga shaida nan.

Gaskiya gabana ya faɗi, domin sunana ne a jiki. Amma abin da ta turo shaida ce ta cewa an leƙa bayanaina, ba shaidar cewa an ba ni kuɗi ba. Duk wanda ya gane wannan bambancin ya gama rabin rigimar.

Mene ne wannan rahoton?

A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin adana tarihin bashin mutane: CRC Credit Bureau, da FirstCentral Credit Bureau, da CreditRegistry. Bankuna da ƙananan bankuna da yawancin manhajojin rance masu rajista suna tura musu labarin wanda ya ci bashi, nawa ne, ya biya ko ya ƙi. Tun da aka ɓullo da BVN a 2014, haɗa waɗannan bayanan kan mutum ɗaya ya yi sauƙi sosai. Dokar da ke kula da harkar an sa mata hannu a 2017, kuma ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Ka shiga shafinsu na hukuma ka nema, kuma ka nemi na duka ukun, domin kowanne da rumbunsa. Abin da ke wajen wannan ba lallai ya kasance wajen wancan ba.

Da Turanci ake rubuta rahoton. Akwai sashen bayananka, akwai sashen basussuka, sannan akwai sashen da za ka ga kalmar Enquiry a kansa. Wannan na ƙarshen shi nake kira leƙe: jerin sunayen waɗanda suka duba ka da ranar da suka duba.

Yadda leƙe ke faruwa a bayan fage

Nan ne aikina na haɗa manhaja ya taimake ni. Idan ka buɗe manhajar rance ka zuba lambar BVN ka danna maɓallin "na yarda", manhajar ba ta jiran wani ma'aikaci. Kwamfutar kamfanin ce ke aika tambaya kai tsaye zuwa kwamfutar masu adana tarihi, ta wata ƙofa da muke kira API, amsa ta dawo cikin daƙiƙoƙi. A daidai lokacin ake rubuta leƙen. Ko an ba ka rancen, ko an hana ka, ko kai ne ka ga kuɗin ruwan ya yi yawa ka goge manhajar, layin ya riga ya hau.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne, irin wannan tambayar ba ta wucewa ba tare da barin sawu ba. Duk kamfanin da ya san aikinsa yana ajiye rana da lokaci, da lambar da aka yi amfani da ita wajen neman, da asusun da ya danna yarda. Don haka idan wani ya ce maka ba za a iya gano wanda ya yi leƙen ba, ko dai bai sani ba ne ko ba ya son duba maka.

Da na karɓi rahotona na tarar da leƙe biyu da ban gane ba, kuma babu bashi ko ɗaya a sashen basussuka. Na farkon, abin kunya, ni ne na jawo shi. Na taɓa sauke wata manhajar rance don in ga yadda suka tsara shafin rajistarsu, na sa BVN ɗina don in wuce gaba. Sunan manhajar daban, sunan kamfanin da ya mallake ta daban, kuma sunan kamfanin ne ke fitowa a rahoto. Kafin ka tayar da hankali, ka shiga Play Store, ka duba jerin manhajojin da ka taɓa saukewa, ka ga sunan kamfanin da ke ƙarƙashin kowacce. Ka kuma bincika imel da saƙonnin tes na ranar da aka rubuta.

Idan ba kai ba ne, akwai hanyoyin da abin ya fi biyowa. Wani ya sa ka a matsayin mai tsaya masa ba tare da ya faɗa maka ba. Ko ka taɓa cike wani fom na "tallafi" da ake yaɗawa a WhatsApp, ka ba da BVN da ranar haihuwa. Ko an sace wayarka aka yi amfani da layin wajen karɓar lambar sirri ta OTP. Ko kuma layin da ka saya sabo tsohon layin wani ne, domin kamfanonin sadarwa suna sake sayar da lambar da ta daɗe ba a amfani da ita. Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu 'yan Arewa: sunaye. Ka ƙirga Muhammad Abubakar nawa ka sani, sannan ka tuna mutum nawa aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa saboda ba a san ainihin ranar ba. Idan aka nemi mutum da suna da ranar haihuwa maimakon BVN, faɗawa kan wani ba abin mamaki ba ne.

Yadda za ka yi da mai kiran

Masu karɓo bashi galibi ba su ne suka ba da kuɗin ba. Ɗaukarsu aka yi, kuma yawanci daga abin da suka karɓo ake sallamarsu, shi ya sa komai nasu na gaggawa ne. Kada ka tabbatar musu da komai a waya. In ya ce faɗi BVN ɗinka mu duba, ka ce shi ya faɗa maka abin da ke gabansa. OTP kuwa ko banki bai da hurumin tambayarka. Kada ka danna duk wani adireshin da suka turo, kuma kada ka sauke manhajar da suka ce za ka ga bashin a ciki.

Kada ka biya ko sisi don a bar ka ka huta. Na san jarabar, mutum ya ce bari in tura dubu biyar su daina damuna. Wannan kuɗin ana iya nuna shi gobe a matsayin ka amsa bashin, kuma kiran ba zai tsaya ba. Ka lura da asusun da suka ce a tura kuɗin. In sunan mutum ne a jiki maimakon kamfani, to da wuya ba damfara ba ce.

Abin da za ka yi shi ne ka mai da zancen rubuce. Ka nemi adireshin imel na kamfanin, ka rubuta a taƙaice cewa ba ka san bashin ba kuma kana ƙalubalantarsa. Ka nemi sunan kamfanin da ya ba da rancen da lambar rajistarsa ta CAC, da takardar da ta ba su ikon karɓa a madadinsa, da yarjejeniyar rancen, da ranar da aka tura kuɗin, da sunan asusun da kuɗin ya shiga. Wannan na ƙarshen shi ne ke kashe magana. Rancen manhaja ta banki ake biyansa, dole akwai asusun da ya karɓa, kuma ko naka ne ko ba naka ba. Ka ɗauki hoton duk saƙonninsu kafin su goge, ka rubuta lokacin kowane kira.

Su masu kiran ba su da ikon goge komai daga rahotonka, ko da sun yi maka alkawari. Don haka ka aika irin wannan ƙorafin zuwa wurare biyu: kamfanin da sunansa ya fito a leƙen, da kamfanin adana tarihin da ya fitar da rahoton. Dokar 2017 ta jera dalilan da aka yarda a duba tarihin mutum saboda su, kuma ta ba ka damar ƙalubalantar bayanin da ba daidai ba. Ka tambaye su da wane dalili aka duba ka, da wace lamba aka nemo ka, kuma ina yardar da ka bayar. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ba ka damar sanin abin da kamfani ke riƙe da shi a kanka da neman a gyara kuskure.

In sun yi shiru, sai ka hau sama. Idan banki ne ko ƙaramin banki, ka ba su mako biyu, sannan ka kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN tare da shaidar ƙorafin farko. Idan manhajar rance ce, hukumar FCCPC ce ke yi musu rajista tun 2022, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. Batun taɓa bayananka ba izini kuwa na hukumar NDPC ne.

Barazanar da suke yi

Mai karɓo bashi ba zai iya rufe maka BVN da bakinsa ba. Abin da ke iya faruwa da gaske shi ne a rubuta maka bashin da ba a biya ba a rahoto, ranar da ka je neman rancen sana'a ko wayar biya-a-hankali a ce ba ka cancanta ba. Akwai kuma tsarin GSI da CBN ya fara a watan Agustan 2020, wanda ke ba banki damar cire kuɗin bashinsa daga sauran asusun da ke haɗe da BVN ɗin mai bashi, bisa izinin da ya sa wa hannu lokacin karɓar rancen. Shi ya sa in ka ga bashi na gaske da sunanka, ba leƙe kawai ba, kada ka kwana. Ka sanar da bankinka a rubuce, ka kai rahoto wajen 'yan sanda ka karɓi takarda.

Zancen za su tura wa mutanen wayarka cewa kai ɓarawo ne, wannan laifi ne a kansu. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan aika-aikar, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotuna. Waɗanda ake turowa ta WhatsApp a matsayin APK ba su bin wannan ƙa'idar, to ka kiyaye su.

Af, wani abu. Za ka ga bidiyoyi a YouTube da TikTok suna koyar da yadda ake goge leƙe, suna ambaton Equifax da Experian da TransUnion da wa'adin kwana 30. Wannan tsarin Amurka ne. In ka kwafo wasiƙarsu ka aika wa kamfanin Legas kana kafa hujja da dokar Amurka, dariya za su yi.

A wayarka kuma, ka shiga setin ka sa wa layinka lambar PIN, ta yadda ko an cire shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Ka duba izinin da ka ba manhajoji, ka cire na karanta saƙonni da lambobin waya ga duk wadda ba ta bukata. Ka kuma tabbatar lambar da ke haɗe da BVN ɗinka tana hannunka har yanzu. In tsohuwa ce da ka yar, ka je banki a canza.

Nawa leƙen na biyu ya ɗauki kusan mako biyar kafin a warware. Wanda ya ci bashin shi ne tsohon mai layina na biyu, kuma sunanmu na farko ɗaya ne. Da suka rasa shi sai suka nemo shi da lambar waya, suka faɗo kaina. Asusun da kuɗin ya shiga ba nawa ba ne, kuma kamfanin rancen ya rubuto ya amsa hakan. Na tura wasiƙar ga masu adana tarihi, kiran ya tsaya. Leƙen farko kuwa yana nan a rahotona, domin da yatsana na danna yarda.