Abin da Ya Kamata Ku Sani: Yaushe Ake Shafa Miyar Babakyu a Gashin Awaza?

Amsar a taƙaice ita ce: sai a ƙarshe. Dalili kuwa sukari ne. Miyar babakyu irin ta Amurka, musamman mai kaurin nan ta birnin Kansas, ana haɗa ta ne da tumatir, ruwan khal, kayan yaji da sukari mai yawa, ko zuma, ko dafaffen ruwan rake. Sukari ba ya jure wuta. Da zafi ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyos sai ya fara yin ja, in ya zarce haka ya koma baƙi, ya yi ɗaci da ƙauri. Awaza kuwa nama ne mai jijiya da kitse, ba ya laushi sai ya daɗe a wuta. Wanda ya shafa miya tun farko, bayan naman zai ƙone ƙurmus alhali cikinsa bai nuna ba.

Shi ya sa mai tsire a Kano ko Zindar ba ya wannan fargaba sosai. Yajinsa na ƙuli-ƙuli ne, busasshe, babu zaƙi a ciki, don haka yana iya barbaɗa shi tun naman yana ɗanye.

Lokacin shafawa ya danganta da irin wutar. Idan kyafawa ake yi da hayaƙi, wato naman yana gefe, nesa da garwashi, a zafin digiri 110 zuwa 120, awaza kan ɗauki awa biyar zuwa shida. A nan sai a shafa miyar saura minti 20 zuwa 30 a sauke. Akwai tsarin da Amurkawa ke kira 3-2-1: awa uku a hayaƙi, awa biyu a naɗe cikin takardar alminiyam, awa ɗaya a buɗe. Miya ba ta shigowa sai a awar ƙarshe. Idan kuwa naman yana kan garwashi kai tsaye, minti biyar zuwa goma na ƙarshe sun isa, ana yi ana juyawa, ido na kai.

Akwai wani dalilin bayan ƙuna. Miya mai kauri tana rufe fuskar nama, ta hana hayaƙi kama shi, ta kuma hana ɓawon nan mai daɗi da gishiri da yaji ke yi a samansa. A bari ɓawon ya kafu tukuna. Alamar lokaci ya yi ita ce naman ya ja da baya, bakin ƙashi ya leƙo, in an ɗaga awazar da abin kamu ta lanƙwashe har samanta ya ɗan tsage.

Kada a lafta miyar lokaci guda. A shafa kaɗan-kaɗan da burushi, a bar ta ta kama har ta yi danƙo da sheƙi, sannan a ƙara ta biyu.

Ba kowace miya ce ke bin wannan ƙa'ida ba. Ta gabashin Karolina ta Arewa tsinkakkiya ce, ruwan khal da barkono, kusan babu sukari, ana iya yayyafa ta tun gashi na tsakiya. A Memfis akwai masu cin awaza da busasshen yaji kawai. A Texas, inda awazar saniya ta yi suna, gishiri da masoro ne ginshiƙi, miya kuwa a gefe ake ajiye ta ga mai so.

A kula da tsabta: burushin da ya taɓa ɗanyen nama kada ya koma cikin miyar da za a ci. A ware ta ci daban tun kafin a hura wuta, a ɗan ɗumama ta, a bar naman ya huta kamar minti goma kafin a yanka.