Sirrin da ke cikin lamba 4,361,002

Da yawa daga cikinmu in muka ga doguwar lamba a takardar jarrabawa sai gabanmu ya faɗi, tun ba mu taɓa alƙalami ba. To, bari mu ɗauko wata ta gida mu yi mata kallon tsanaki. Ƙidayar da aka yi a watan Maris na 2006 ta nuna akwai mutum 4,361,002 a Jihar Jigawa. In da za mu jera su mu riƙa ƙirga mutum ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai mun yi kwana 50 da awa 11 da 'yan mintoci.

Abu na farko, wutsiyarta 2 ce, saboda haka cika ce, ba mara ba, rabinta 2,180,501. Ba ta rabuwa gida 4, domin 02 na ƙarshe ba ya rabuwa. In muka haɗa 4, 3, 6, 1 da 2 za mu sami 16, wato 3 da 9 ma ba su da rabo a nan. Wannan duk 'yan aji ɗaya sun sani.

Ga inda daɗin yake. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 27. Shin mutanen nan za su kasu daidai a tsakaninsu? Ba sai mun yi doguwar rabawa ba. Mu yanka lambar uku-uku daga dama, daidai inda waƙafi yake, mu haɗa: 4 da 361 da 002 sun ba mu 367. A cikin 367 akwai 27 sau 13, wato 351, saura 16. Shi ke nan, ragowar babbar lambar ma 16 ce. Mai shakka ya gwada: 27 sau 161,518 ya ba da 4,360,986.

Wannan ba siddabaru ba ne. Dalilin shi ne 999 daidai yake da 27 sau 37. Kowace dubu 999 ce da ɗaya, don haka in aka raba ta gida 27, ɗaya tak ke saura. Dubu 361 za su bar 361. Miliyan ma haka take, domin 999,999 shi ne 27 sau 37,037.

Amma kada mu ɗauka kowace ƙaramar hukuma mutum 161,518 gare ta. Dutse da Birnin Kudu sun zarce haka nesa ba kusa ba. Lissafi ne ya raba daidai, ba ƙasa ba.

Tunda 37 ma tana cikin 999, dabarar tana yi mata aiki. Jihohi 36 da Abuja sun zama 37, ƙidayar 2006 kuwa ta ba Nijeriya mutum 140,431,790. Mu yanka, mu haɗa, mu ga ko ragowar za ta fito 29.