Yadda ake zaɓen tafintan Sinanci da Faransanci

Tun da kamfanin man ƙasar Sin, CNPC, ya gina matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, buƙatar masu fassara tsakanin Sinanci da Faransanci ta ƙaru a Jamhuriyar Nijar. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 da aka shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya ƙara mata ƙarfi. Ko da yake hukumomin ƙasar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, Faransanci na nan a matsayin harshen aiki, kuma da shi ake rubuta kwangiloli.

Lamarin bai tsaya kan manyan kamfanoni ba. Ɗan kasuwar Kaya, Talata Mafara ko Bakura da ke son sayen injin ban ruwa ko na casar shinkafa ƙirar Sin ta hannun dillali a Maraɗi, zai iya tarar da cinikinsa ya ratsa harsuna uku: Sinanci, Faransanci, sannan Hausa. A kowace gaɓa ma'ana na iya zamewa, kuma mai kuɗi ne zai ɗauki asarar.

Jin harsuna biyu kaɗai ba ya mayar da mutum tafinta. Wanda ya karanci kimiyyar harshe ya san wuraren da ake tuntuɓe. Sinancin Mandarin na da karin sauti huɗu, kuma kalmomin "saya" da "sayarwa" duka "mai" ake furta su, kari ne kawai ya raba su. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin haka "baba" na mahaifi ya bambanta da "baba" na rini. Lissafi ma tarko ne: Sinawa na ƙirga manyan kuɗi da "wan", wato dubu goma, saboda haka "wan" 50 na nufin dubu 500. A awo kuwa, "jin" rabin kilo ne, kuma sai an haɗa "mu" 15 ake samun hekta guda.

Mai neman tafinta ya fara da tantance aikin: fassarar baki a wurin ciniki daban, fassarar takarda daban. Sai ya nemi shaida. Jarrabawar HSK ce ma'aunin ƙwarewa a Sinanci, DELF da DALF kuma a Faransanci. Ya kuma tambayi wane Sinanci abokin cinikin yake yi, domin a Guangzhou ana jin Kantonis, wanda mai Mandarin zalla ba ya fahimta. Takardar da za ta je gaban alƙali kuwa, mai fassara da ya yi rantsuwa a kotu ya kamata a bai wa.

Akwai gwaji mai sauƙi: a ba shi shafi ɗaya na kwangilar ya fassara, sannan a bai wa wani daban ya mayar da shi harshen asali, a gwada adadi da ranaku. Kada kuma a dogara da tafintan da ɗaya ɓangaren ya kawo, domin wanda ke biyansa shi zai kare. Kuɗin tafinta nagari bai kai asarar sifiri guda da ya ɓace a takardar ciniki ba.