Sauya Tafinta Wajen Gina Manhaja

Kwamfuta ba ta jin harsunan da ake rubuta manhaja da su, irin su C da C++. Sai an sami wata manhaja ta musamman, wadda za mu kira tafinta, ta juya rubutun zuwa harshen inji. Daga cikin fitattun tafintoci akwai GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, da Clang, wanda kamfanin Apple ya saki a 2007.

Buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya karanta rubutunta ya gyara, akan so ta yi aiki a Windows da Linux da macOS. A nan gizo yake saƙa. Harshen C yana da daidaitacciyar ƙa'ida, amma kowane tafinta yana da nasa ƙari, tamkar yadda Sakkwatanci yake da kalmomin da babu su a daidaitacciyar Hausa. Marubucin da ya saba da tafinta guda yakan cusa irin wannan ƙari bai sani ba. Ranar da aka miƙa rubutun ga wani tafinta, sai ya ƙi fassarawa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya fassara da wata ma'ana daban.

Haka nan manhajar gano kurakurai, mai bin aiki layi-layi, ta dogara ne da bayanan da tafinta ya tanadar mata. GDB da LLDB suna karanta tsarin DWARF, ta Microsoft kuwa PDB. Shi ya sa kafin Google ya koma gina Chrome na Windows da Clang a 2018, sai da aka koya wa Clang fitar da bayanai irin na Microsoft.