Ko Kun Sani?

Masu ƙera ƙananan jiragen ruwa na ado suna fentinsu ne da 'yar ƙaramar bindigar feshi, ƙanwar wadda masu fentin mota ke amfani da ita a Dutse da Garki. Iska daga kwamfiresa ce ke farfasa fenti ya fita ta bakin da bai kai rabin milimita ba. Abner Peeler, mutumin Iowa ta Amurka, ya ƙera irinta tun 1879. Mai koyo yakan tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa kamar madara, ya fara gwaji a kan takarda. Yakan saki iska kafin fenti, ya shafa sama-sama sau da yawa, don fenti mai kauri yakan zuba ya rufe layukan katakon jirgin.